Kocin Dala Ɗaya: Rod Dedeaux da Yaran Jami'ar Kudancin Kalifoniya

  Malaman makaranta da masu horar da yara wasanni, zancen yau ya fi kusa da ku.

Amurka za mu leƙa yau, mu ji labarin wani mutum da ya yi shekara 45 yana koya wa ɗaliban jami'a ƙwallon sanda, wasan da mutanen can ke kira besbol. Sunansa Rod Dedeaux, ana furta shi Dedo, kuma haka zan riƙa kiransa. Daga 1942 zuwa 1986 shi ne kocin Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke birnin Los Anjalis. A hannunsa jami'ar ta ɗauki kofin ƙasa sau 11. Waɗanda suka fi matsowa kusa da shi a tarihin wasan, Augie Garrido da Skip Bertman, sau biyar-biyar suka ɗauka.

Da yake wasan baƙo ne a wurin yawancinmu, bari in ɗan shimfiɗa muku tabarma tukuna, don kada labarin ya wuce ku.

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. A fili akwai tashoshi huɗu, tsakanin kowace tasha da mai bi mata ƙafa 90. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiya, ya wurgo ƙwallo mai tauri, girmanta bai wuce na lemon zaƙi ba, amma a hannun gwani gudunta yakan haura kilomita 140 a awa. Mai bugu yana jiran ta da sanda. In ya same ta, sai ya yar da sandar ya ruga tasha ta farko. Duk wanda ya kewaye tashoshin nan huɗu ya dawo inda ya taso, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In mai bugu ya kuskure sau uku, ko aka cafe ƙwallonsa a sama, ko ta riga shi isa tasha, to ya fita. Da an fitar da mutum uku sai a yi musaya, masu bugu su koma tsaron fili. Haka za a yi ta yi har zagaye tara. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a wannan wasa lokaci ba ya ƙarewa. Alƙali ba ya duba agogo ya busa tashi. Muddin ba ka fitar da mutum na ƙarshe ba, wasa na nan, ko da ka yi wa abokin karawa fintinkau.

Su kuma jami'o'in Amurka suna da gasarsu. Kowace shekara a watan Yuni, ƙungiyoyi takwas da suka tsira daga wasannin share fage suna haɗuwa a birnin Omaha na jihar Nebraska, inda gasar ta zauna tun 1950. Aikin kocin jami'a ya bambanta da na kocin ƙwararru. Yaro zai zo maka yana ɗan shekara 18, ka sha wahalarsa, ka gyara masa tsayuwa da riƙon sanda, yana fara nuna sai ya gama karatu ko manyan ƙungiyoyi su ɗauke shi. Shekara uku, in ta yi yawa huɗu, sai ka sake sabon lale.

An haifi Dedo a birnin New Orleans a 1914, ya tashi a Los Anjalis, ya yi karatu a wannan jami'a da daga baya ya zama kocinta, ya kuma buga mata wasa. A 1935 ƙungiyar Dodgers, wadda a lokacin take unguwar Brooklyn, ta ɗauke shi. Wasa biyu kacal ya buga a babbar gasar ƙwararru. Ba a daɗe ba ya ji ciwo a baya, ciwon da ya rufe masa wannan ƙofa. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga tattalin arzikin Amurka a durƙushe a wancan zamani, ga abin da ya sa rai a kai ya kuɓuce. Sai ya tattara dala 500 da ta rage masa ya shiga harkar motocin dakon kaya. Kamfanin da ya kafa, mai suna DART, ya yi ta bunƙasa har ya mayar da shi attajiri.

Abin da ya tsira da shi daga ɗan zamansa a Dodgers shi ne shaƙuwa da kocin ƙungiyar, Casey Stengel, wanda daga baya ya yi suna da ƙungiyar Yankees. Zumuncin nan bai yanke ba. A watan Maris na 1951 Stengel ya kawo Yankees, zakarun duniya a lokacin, har filin jami'ar suka yi wasan sada zumunta da ɗaliban Dedo. An lallasa ɗaliban, ba a ma maganar sakamako. A ranar ne wani yaro ɗan shekara 19 da Yankees ke gwadawa, Mickey Mantle, ya yi bugu biyu da suka tsallake katanga, waɗanda har yau ana labarin nisansu. Amma ku duba abin da ɗaliban suka samu. Sun tsaya fili ɗaya da mutanen da suke jin sunansu a rediyo, sun ga su ma da hannu biyu suke riƙe sanda. Wanda ya taɓa tsayawa gaban Yankees, wace jami'a ce kuma za ta razana shi?

Yadda ya zama koci kuwa, yaƙi ne sanadi. A 1942 malaminsa Sam Barry ya tafi aikin sojan ruwa, sai aka damƙa wa Dedo ƙungiyar yana da shekara 28. Da Barry ya dawo suka ci gaba tare, har rasuwarsa a 1950. Tare suka ɗauki kofin farko a 1948, suka doke Jami'ar Yale a wasan ƙarshe. Mai tsaron tasha ta farko a ƙungiyar Yale a wannan shekara shi ne George Bush babba, wanda ya zama shugaban Amurka a 1989. A wajen Dedo kuma akwai wani yaro na unguwa da ke kwashe wa 'yan wasa sanduna, Sparky Anderson, wanda ya girma ya zama koci, ya ɗauki kofin ƙwararru sau uku.

Yanzu ga maganar da ta fi yawo a kansa. Albashin da Dedo yake karɓa daga jami'a a yawancin shekarunsa dala ɗaya ce a shekara. Da safe yana ofis yana fama da motoci da direbobi da lissafin kaya, da rana yana fili da yara. Abin a yaba ne, kuma na yaba. Amma ina roƙon masu sauraro, musamman masu riƙe da makarantu da ƙungiyoyi, kada wani ya ɗauki wannan labari ya je ya karanta wa malaminsa ko kocinsa ranar biyan albashi. Dedo ya yafe albashi ne saboda yana da kamfanin da ke ciyar da iyalinsa. Malamin da ba shi da wata hanyar samu sai wannan aikin, haƙƙinsa ne a biya shi cikakke kuma a kan lokaci. Abin koyi a nan shi ne mai hali da ya ba da lokacinsa da jikinsa shekara da shekaru, ya tsaya cikin rana da 'ya'yan wasu. Masu ba da kuɗi su koma gefe suna da yawa. Masu zuwa da kansu kullum su ne ba a cika samu ba.

To me yake koya musu da har ya bambanta? Akwai wata magana da tsofaffin ɗalibansa suka sha maimaitawa daga bakinsa, cewa kuskure ko sau ɗaya kada ka yi shi. Mu dai mun saba jin a ce kada ka maimaita kuskure. Shi kuwa nufinsa, ka riga kuskuren isa wurin. Bari in nuna muku yadda abin yake a fili. Mai tsaron fili yakan yi minti goma a tsaye ƙwallo ba ta zo inda yake ba. Sai kwatsam ta taho da gudu, kuma abin da yake da shi bai fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. In sai a lokacin zai fara tunanin inda zai jefa ta, ya makara. Don haka kafin kowane jifa, sai ya tambayi kansa: mutum nawa muka fitar? Wa ke kan wace tasha, kuma mai gudu ne ko mai nauyin jiki? In ta zo mini ta ƙasa ina zan aika ta, in ta zo ta sama fa? Sau ɗari da wani abu ake jifa a wasa ɗaya, kuma sau ɗari da wani abu sai ya yi wannan lissafi, ko da ƙwallon sau uku za ta neme shi. Ƙwallo ta zame daga hannu, wannan tsautsayi ne, yana samun kowa. Amma ka riƙe ta daram ka jefa inda bai kamata ba saboda hankalinka ya tafi wani wuri, wannan shi ne abin da Dedo ya ɗauki rayuwarsa yana yaƙa.

Kada ku ɗauka mutum ne mai ɗaure fuska. Kowa ya gamu da shi, ɗalibi ko ɗan jarida ko babban mutum, da Damisa yake kiransa. Sabon ɗan wasa in an fita tafiya, akan sa masa jar hular gashi ya yi ta yawo da ita ana dariya. In an ci wasa kuma, sai ƙungiya ta haɗu ta rera wata tsohuwar waƙar raha. Ni a ganina wannan raha tana cikin horon. Besbol wasa ne da ko gwanin gwanaye, in ya tsaya bugu sau goma, sau bakwai yakan koma a banza. Yaron da aka cika wa ciki da tsoro, in ya kuskure sau biyu, na ukun hannunsa rawa zai yi. Dedo ya matsa musu a kan tunani, ya kuma sake musu fuska, kuma haɗa waɗannan biyun a wurin mutum ɗaya yana da wuya ƙwarai.

Bayan kofin 1948 sai na 1958, da 1961, da 1963, da 1968. Daga nan aka shiga shekarun da ba a taɓa ganin irinsu ba: 1970, 1971, 1972, 1973, 1974, kofi biyar a jere. Har yau ba wata jami'a da ta wuce biyu a jere. Ku tuna abin da na faɗa, yaran da suka ɗauki na 1970 duk sun watse kafin na 1974. A 1974 ɗin ma aka fara barin jami'o'i su yi amfani da sandar alminiyam maimakon ta katako, wasa ya sauya kama, amma kofi bai sauya gida ba.

A cikin waɗannan shekaru akwai wasa ɗaya da ya kamata mu tsaya a kansa. Omaha, 1973, ana neman wanda zai je wasan ƙarshe. Yaran Dedo sun haɗu da Jami'ar Minnesota, wadda mai jifanta shi ne Dave Winfield, dogo mai kusan mita biyu. Irin baiwar da Allah Ya yi wa wannan saurayi, a shekarar nan ƙungiyoyin ƙwararru huɗu suka zaɓe shi a wasanni uku daban-daban: besbol, da ƙwallon kwando, da ƙwallon Amurka. A ranar kuwa ba a iya taɓa shi. Cikin zagaye takwas an fitar da yaran Dedo sau 24, kuma 15 daga ciki Winfield ne ya mayar da su da jifa kawai, suka juya da sandunansu. Bugu ɗaya tak suka samu, shi ma ƙwallon ba ta yi nisa ba. Minnesota na da maki 7, su ba su da ko ɗaya. Saura mutum uku a fitar, a tashi.

A besbol, bugu ɗaya komai kyansa ba ya kawo fiye da maki huɗu. Saboda haka babu wani jarumi ɗaya da zai iya share bashin maki bakwai. Hanya ɗaya ce: kowa ya yi ƙoƙari ya isa tasha ta farko, ya bar wa na bayansa sauran aikin. Wanda ya ce shi zai yi abin a zo a gani, ya kai sanda da ƙarfin tsiya, shi ne zai kashe wasan. Haka yaran nan suka shiga zagaye na tara. Wannan ya buga ya tsaya a tasha, wancan ya buga ya tura shi gaba. Maki ɗaya, biyu, uku. Winfield ya gaji, aka sauke shi daga tudu aka mayar da shi tsaron bayan fili, waɗanda suka karɓe shi kuma suka kasa tare ambaliyar. Kafin Minnesota ta fitar da mutum na uku, an ci ta maki takwas. Aka tashi 8 da 7. Daga nan suka doke Jami'ar Jihar Arizona da 4 da 3 suka ɗauki kofi. Winfield kuwa, duk da an fitar da ƙungiyarsa, shi aka ba kyautar gwarzon gasar, kuma ya cancanta.

Mai sauraro zai iya cewa sa'a ce. Akwai sa'a a ciki, ba musu. Amma yara tara 'yan shekara ashirin su ga an yi musu irin wannan kaye, ba wanda ya sare, ba kuma wanda ya yi gaggawar neman suna, wannan ba a ranar aka koye shi ba. Watannin da aka yi ana nanata musu ƙananan abubuwa a filin atisaye, inda babu ɗan kallo ko ɗaya, su ne suka yi magana a zagayen nan.

A cikin ƙungiyar Dedo ta 1973 akwai Fred Lynn, wanda da tallafin karatu na ƙwallon Amurka ya shigo jami'ar kafin ya koma besbol gaba ɗaya. A 1975 ya zama mutum na farko da ya haɗa kyautar sabon ɗan wasa da ta gwarzon shekara a kaka ɗaya, yana ƙungiyar Boston. Kafin shi an yi wani mai jifa, Tom Seaver. Da aka kawo wa Dedo labarinsa bai yi saurin ba shi gurbi ba, sai ya tura shi garin Fairbanks na jihar Alaska a 1964, ya buga wasannin hutun bazara a ga kamun ludayinsa. Yaro ya ci jarrabawa, ya zo jami'a, daga baya ya ci wasa 311 a gasar ƙwararru. Ɗaliban Dedo da suka kai babbar gasar sun haura 50.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma shirin ilimi bai kamata ya ɓoye ta ba. Dedo ya yi aiki a wuri mai albarka. A kudancin Kalifoniya ana wasa rani da damina, alhali jami'o'in arewacin ƙasar suna kulle cikin ɗaki saboda ƙanƙara. Makarantun sakandaren yankin cike suke da yara masu hazaƙa. Sannan a shekarun farko jami'o'in da suka ɗauki besbol da muhimmanci ba su da yawa. Da abubuwa suka sauya, shi ma ya ji a jikinsa. A tsakiyar shekarun 1970 hukumar wasannin jami'o'i ta ƙayyade tallafin karatun da ƙungiyar besbol za ta iya bayarwa zuwa gurbi 13. Jami'arsa mai zaman kanta ce, kuɗin makarantarta da tsada, don haka yaron da aka ba rabin tallafi ya gwammace ya tafi jami'ar gwamnati mai sauƙi. Ya ƙara ɗaukar kofi a 1978 da wata ƙungiya da ta ci wasa 54 ta faɗi 9, kuma daga shi bai sake taka Omaha da ƙungiya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a farkon shekarun 1980 yana da Mark McGwire da Randy Johnson a ƙungiya ɗaya. Na farko ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu bugu na zamaninsa, na biyu ya ci wasa 303 a matsayin mai jifa. Duk da haka ba su kai Omaha ba. Taurari biyu ba sa cike gurbin mutum tara. Wannan ne ma ya sa ba na son a auna koci da kofi kaɗai. Mike Martin na Jami'ar Jihar Florida ya yi shekara 40 yana aiki, ya ci wasa 2,029, adadin da ya fi na kowa, ya kai yaransa Omaha sau 17, amma bai taɓa ɗaga kofin ba har ya yi ritaya a 2019. Wa zai ce wannan mutum bai iya aikinsa ba?

Akwai wani ɓangare na aikin Dedo da ya wuce iyakar jami'a. A 1964 ya jagoranci 'yan wasan Amurka zuwa Tokyo, inda aka yi wasan nuni na besbol a lokacin gasar Olamfik. A 1972 ya taimaka aka kafa gasa tsakanin ɗaliban jami'o'in Amurka da na Japan, ƙasashen da shekara 27 kafin nan suke kashe juna. A Olamfik ta 1984 a Los Anjalis shi ne kocin Amurka, kuma a wasan ƙarshe Japan ce ta doke shi da 6 da 3 a gaban mutanen garinsu. Wannan bai taɓa zumuncin ba. A 1996 gwamnatin Japan ta ba shi lambar girmamawa saboda hidimar da ya yi wa wasan a tsakanin ƙasashen biyu.

Ya sauka a 1986 yana da shekara 72, bayan kakanni marasa daɗi. Jimillar aikinsa: ya ci wasa 1,332, ya faɗi 571, an yi kunnen doki 11, wato kusan bakwai cikin kowane goma nasa ne. Wanda ya gaje shi, Mike Gillespie, ɗalibinsa ne da ya buga a ƙungiyar da ta ɗauki kofin 1961. Shi ne ya dawo wa jami'ar da kofi a 1998, bayan shekara 20 ana jira, kuma Dedo yana raye ya gani. Filin da jami'ar ta buɗe a 1974 sunansa aka sa masa.

Ya rasu ranar 5 ga Janairun 2006 yana da shekara 91. A wannan shekarar aka buɗe zauren karrama gwarazan besbol na jami'o'i, aka zaɓi mutum goma na farko, koci biyar da 'yan wasa biyar. Dedo yana cikin kociyoyin, Dave Winfield yana cikin 'yan wasan.